Makiyayin da Ya Ɗaure Tumaki a Cikin Rafi

Akwai wani mutum, makiyayin tumaki, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Tumakinsa na kansa ba su da yawa. Yawancin waɗanda yake korawa na mutanen ƙauye ne, gama al'adar wurin ke nan: wanda ba shi da ƙarfin bin daji sai ya ba makiyayi riƙo, in tunkiya ta haihu, haihuwar fari ta mai ita ce, ta biyu ta makiyayi. Mutumin nan kuwa kowa ya yarda da shi. Ba ya shaye-shaye, ba ya barci a bakin aiki, bai taɓa barin dabba ta shiga gonar wani ba. Ina so ku riƙe wannan da kyau, kada wani ya ce labarin mugun mutum nake bayarwa. Da mugu ne, da labarin bai dame ni haka ba.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa gwauruwa, ana ce da ita Inna Kande. Mijinta ya rasu, ɗanta ya bi shi, aka bar ta da jikoki ƙanana da tunkiya guda, fara mai baƙin kunne. Da kanta ta jawo tunkiyar zuwa ƙofar makiyayin, ta sa masa igiyar a hannu.

Ta ce, “Ɗana, ga ta nan. In ka ɗauke Allah, ita ke nan gare ni.”

Ya ce, “Inna, kada ki damu. Zan riƙe ta fiye da nawa.”

Kuma da gaske yake yi.

To, a jikin dutsen da ke bayan ƙauyen akwai wani babban kogo. Mutanen wurin ba su ba shi wani suna ba, Mafaka kawai suke ce masa. In mutum ya ce ya tafi Mafaka, ba wanda zai tambaye shi wacce. Kakanninsu ne suka jera duwatsu a bakinsa, suka yi 'yar ganuwa daidai ƙugu, yadda dabba in ta shiga ba ta fita sai an buɗe mata. Dokar makiyaya kuwa tun dā ita ce, da zarar hadari ya haɗu a gabas, kowa ya kora garkensa sama kafin ɗigon fari ya faɗo.

Amma gaskiya Mafakar nan ba wurin jin daɗi ba ce. Hanyarta tsaye take, tsakuwa na yanka ƙafa, tunkiya mai ciki sai an tura ta ta baya. In an kai kuma, warin kashin jemage ne zai fara yi wa mutum maraba. Ga kaska, ga cunkoso, awakin wannan sun shiga cikin tumakin wancan, a yi ta cacar baki a kan ɗan akuyan da bai kai ya kawo ba. Ga kuma wani tsohon makiyayi, Baba Dogara, wanda kullum shi ne farkon hawa. Yakan zauna a bakin ganuwa yana tari, yana maimaita labaran da kowa ya haddace. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa a sha wahalar hawa, a zauna cikin wari, sai iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi, ko ɗigo bai sauka ba. Sai a sauko da dabbobi cikinsu a shafe, an yi asarar rabin yini na kiwo.

Wannan asarar ce take cin ran makiyayin namu. Ba ƙyuya ba ce. Shi dai ba ya son ganin dabbar amana ta kwana da yunwa.

Wata rana yana kiwo can ƙasa, inda ciyawa ta fi kyau, sai hadari ya taso masa ba shiri. Ya duba dutse ya ga ba zai kai ba. Kusa da shi kuwa akwai wani rafi mai zurfin gaɓa, wanda yawancin lokaci a bushe yake, sai ɗan ruwa siriri da ke bin gefe ɗaya in an yi ruwan sama. Ya kora tumakin ya gangara ciki. Nan ya tarar da wani wuri inda gaɓar ta lotsa ciki, ta yi kamar ɗaki mai faɗi, saiwoyin wani ɓaure sun riƙe rufinta. Ƙasan wurin farin yashi ne mai laushi. Babu jemage, babu wari, babu mai tari. Ya shigar da garken, aka yi ruwa aka ɗauke, ko jelar tunkiya ɗaya ba ta jiƙe ba. Da aka ɗauke, taku kaɗan suka yi sai ga su cikin ciyawa.

Ya ce a ransa, “Ashe duk shekarun nan wahalar banza muke sha.”

Abu ɗaya ne ya rage. Wurin ba shi da ganuwa, a buɗe yake dama da hagu, tumaki kuwa in tsawa ta faɗi sai su watse, kowace ta kama gabanta. Makiyayin mutum ne mai dabara. Ya saro itatuwa masu ƙarfi ya fiƙe su, ya kafa turaku a jere cikin kogon, ya buga su da dutse har sai da suka wuce yashi suka kama laka. Ya tufka igiyoyin rama da hannunsa. Daga ranar, in hadari ya taso, sai ya gangara da garken, ya ɗaure kowace a turkenta, ƙulli a kan ƙulli, yadda ko tsawa ta tsaga ƙasa ba wadda za ta tsinke. Tunkiyar Inna Kande kuwa ya ba ta wuri mafi kyau, can ƙurya, inda ko feshin ruwa ba ya kaiwa. Turkenta ya fi na kowa kauri.

Ba a jima ba Baba Dogara ya lura an daina ganin mutumin a dutse. Ya tare shi wata safiya a bakin rijiya.

Ya ce, “Ɗana, ina kake kai tumakin mutane in an yi hadari?”

Makiyayin ya yi murmushi, ya ce, “Baba, na sami mafaka a ƙasa. In ka gan ta, ba za ka ƙara hawa dutsen nan da gwiwoyinka ba.” Ya kwatanta masa wurin, da yashinsa, da faɗinsa, da sanyinsa.

Tsohon ya saurara har ya gama. Sa'an nan ya ce, “Wa ya haƙa shi?”

“Ba wanda ya haƙa shi, Baba. Haka na same shi.”

“Ruwa ne ya haƙa shi. Farin yashin da kake yabo, ruwa ne ya shimfiɗa shi. Kuma bai manta hanya ba.”

Makiyayin ya ce, “Na zauna a ciki ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan rafin ko idon sawuna bai kai ba.”

Baba Dogara ya ce, “Ba ruwan da ke zuba a kanka nake jin tsoro ba.” Sai tari ya sarƙe shi, kafin ya lafa makiyayin ya gaishe shi da ladabi, ya kora garkensa ya wuce. A hanya yana cewa a ransa, tsufa dai ba shi da daɗi, mutum ya ga abu mai sauƙi ya ce sai mai wuya.

Damina ta wuce lafiya. Wata ta zo, ita ma ta wuce lafiya. Nan ne abin baƙin cikin yake, 'yan'uwa, gama da ruwa ya ɗan tsorata shi tun farko, da ya tsira. Amma ba abin da ya same shi sai alheri. Tumakinsa suka fi na kowa ƙiba, tun da ba sa ɓata yini a hawa da sauka. Mutane suka gani, suka fara karɓe dabbobinsu daga hannun masu hawa dutse suna kawo masa. Ya ƙara turaku, ya ƙara igiyoyi. Tunkiyar Inna Kande ta yi sheƙi, ta ɗauki ciki, cikin ya yi girma har mata suna cewa tagwaye ne. Tsohuwar takan tsaya a bakin hanya da yamma don ta ga wucewarta, ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana.” Shi kuwa sai ya ji kansa ya yi girma, ya amsa da amin.

Ana nan, wata rana tsakiyar damina, hadari ya haɗu can gabas mai nisa, a kan duwatsun da rafin ya fito. Ya yi baƙi ƙirin, walƙiya tana ta tsaga shi. Daga inda yake, makiyayin ya hango sauran makiyaya kamar tururuwa a jikin dutse, suna tura dabbobinsu sama. Shi kuwa ya gangara rafinsa a hankali, ya ɗaure kowace tunkiya a wurinta, ya ja kowane ƙulli ya tabbata ya kama.

Aka yi ɗan yayyafi, aka ɗauke. Hadarin bai iso ba. Can gabas ya tsaya ya juye abin da ke cikinsa. A kan makiyayin ma har rana ta leƙo. Ya yi dariya, ya ce, “Yau ma sun sha wari a banza.” Tun da har yanzu ana jin rugugin tsawa daga nesa, ya ce bari ya dakata kaɗan kafin ya kwance su. Ya zauna a kan yashi, ya jingina da bangon kogon, ya kwance ƙullin dafaffiyar gyaɗarsa ya fara ci.

Tumakin ne suka fara sani. Suka miƙe tsaye gaba ɗaya, suka shiga kuka, suna fizgar igiya, suna kartar yashi da kofato. Ya daka musu tsawa, ya ce su natsu, ba abin da zai same su a nan. Sa'an nan ya ji wata ƙara kamar iska a cikin itatuwa. Ya ɗaga kai ya dubi ɓauren, ganye ko ɗaya ba ya motsi.

Sai ga wani ɗan ruwa ja, mai kumfa, ya zagayo kwanar rafin, yana tura karare da busasshen ganye a gabansa. Ya zo ya taɓa masa yatsun ƙafa, sanyi ƙalau. Kafin ya miƙe, ruwan ya kai gwiwa.

Ya zaro wuƙarsa ya faɗa kan igiyoyin. Ya yanke ta farko, ragon ya yi tsalle ya haye gaɓa. Ya yanke ta biyu. Yana kan ta gaba wani kututture ya buge shi a hannu, wuƙar ta suɓuce, ruwa ya tafi da ita. Ya koma kwancewa da yatsu. Amma igiyar rama in ta jiƙe kumbura take yi, ƙullin ya zama kamar dutse, tumakin kuma suna ja, kowane ja yana ƙara matse shi. Ya sa farce, farcen ya ɓalle. Ya sa haƙori. Ƙullinsa ne, shi ya yi shi don kada ya kwance, bai kuwa kwance ba.

Ya tuna da mai baƙin kunne. Ya kutsa ƙurya, ruwa a ƙirji, ya same ta ta ɗaga hanci sama tana neman iska, igiya ta riƙe wuyanta ƙasa. Ya rungumi turken da hannu biyu yana girgizawa, yana kiran sunan Allah, yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Turken bai motsa ba, gama ya kafa shi da kyau. Sa'an nan babban ruwan ya iso, wanda na farkon ɗan aike ne kawai a gare shi. Ya cika kogon har rufi, ya fizge mutumin ya watsar waje. Bai san yadda aka yi ba, ya ji hannunsa ya kama saiwar ɓaure. Ya ja jikinsa ya hau gaɓa, ya kwanta rubda ciki yana aman ruwa.

Rana tana haskawa a bayansa. Tsuntsaye suna kuka kamar ba abin da ya faru.

Kafin la'asar ta yi sanyi ruwan ya janye, kamar yadda irinsa yake yi. Makiyayin ya gangara cikin laka. Da ruwan ya tafi da su ma, da ya ce wataƙila wata ta fita a gaba. Amma suna nan. Turakunsa duka suna tsaye a jere, in ban da biyun da ya yanke wa igiya, kowane turke da tunkiyarsa kwance a gindinsa, ba wadda ta ɓata. Ya zauna cikin taɓo kusa da mai baƙin kunne, ya ɗora hannu a kan cikinta. Ya yi kuka irin na babban mutum, wanda ba shi da daɗin ji.

Da ya kamo hanyar gida, da 'yan ragunan nan da ya yanke wa igiya suna binsa a baya, sai ya gamu da makiyaya suna saukowa daga dutse. Rigunansu a bushe, suna warin jemage, suna ta mita cewa yau ma an sa su hawan banza. Suka gan shi laka har ka, suka dubi bayansa, suka ga hanya fayau. Mitar ta tsaya. Baba Dogara yana cikinsu. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya cire mayafinsa ya yafa masa a kafaɗa, ya kau da kai, gama shi ma idonsa ya cika.

Inna Kande tana bakin hanya, inda ta saba tsayawa. Ta dube shi, ta dubi ragunan. Ya zo gabanta ya durƙusa.

Ta ce, “Ɗana, ina take?”

Ya ce, “Inna, ruwa.”

Ta dubi sama, ta dubi ƙasar da take tsaye a kai, busasshiya. Ta ce, “Wane ruwa?”

Ya faɗa mata duka, bai ɓoye kome ba. Ya ce, “Inna, wuri mafi kyau na ba ta. Can ciki na sa ta. Da hannuna na ɗaure ta, don kada wani abu ya same ta.”

Tsohuwar ta dube shi. Sa'an nan ta ce, “Da ka ƙi ta, ka bar ta a fili, da ta gudu.”

Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Ta juya ta kira jikokinta, ta ce su shiga gida. Shekarar nan, kafin lokacin girbi, sai ta raba su, wannan wurin dangin uwa, wancan wurin wani mai gona a wani gari, gama ba ta da abin riƙe su. Ta zauna ita kaɗai.

Makiyayin kuwa ba wanda ya ƙara ba shi riƙon ko kaza. Shi ma bai nema ba. Ya zama mai zaman bakin rafi, yana tsufa ba lokacinsa ba. Ruwan nan da ya zo ya ƙara yashe kogon, ya faɗaɗa shi, ya shimfiɗa sabon yashi fari tas, har ya fi dā kyau. Da wata damina ta kewayo, sai ga wani magidanci, sabon shiga kiwo, ya gangaro da tumakin mutane yana duba wurin yana gyaɗa kai. Makiyayin namu ya taso da sauri ya riƙe masa riga, ya ba shi labarin tun daga farko har ƙarshe, yana hawaye.

Magidancin ya saurara da ladabi. Ya ce, “Allah ya kiyaye gaba, Baba. Na gane kuskurenka. Kai ƙullinka ne ya yi tsauri. Ni da sassauci zan ɗaure.”

Ya shiga saran turaku.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, ba duk abin da ya rufe maka kai ne mafaka ba.

Mu Hausa ta ba mu kalmomi dabam-dabam, amma mun cakuɗa su don son ranmu. Inuwa tana tare rana. Rumfa tana tare yayyafi. Maɓoya tana tare idon mutane. Duk suna da amfaninsu, ban raina su ba. Amma mafaka wurin da ake fakewa ne daga abin da ya fi ƙarfin mutum, abin da in ya same ka a fili ka gama. Saboda haka ba a sanin mafaka ranar yayyafi. Ranar yayyafi kowace bukka gwana ce. Sai ranar da babban ruwa ya zo ake sanin wurin da ya cancanci sunan, ranar kuwa ba a sake zaɓe.

Ku saurari yadda muke kashe kalmar nan a bakinmu. Wannan ya ce, ɗana da ke birni shi ne mafakata. Wancan ya ce, aikin nan da na samu shi ne mafakar gidanmu. Wata ta ce, muddin maigidana yana da rai ba abin da zai taɓa ni. Wani kuma ba ya faɗa da baki, amma akwai abin da ya binne a ƙofar gida, akwai wanda yake zuwa gani a ɓoye in yaro ya yi zazzaɓi, ran Lahadi kuma shi ne a layin gaba yana waƙa da ƙarfi. Kada ku sunkuyar da kai, ban kira sunan kowa ba. Ɗa ba laifi ba ne, aiki ba laifi ba ne, miji ba laifi ba ne. Amma dukansu a cikin rafi suke zaune tare da kai. Ruwan da zai ɗauke ka zai ɗauke su.

Daminun da suka wuce lafiya su ne shekarun da dabararka ta yi aiki. Su nake tsoro fiye da kome. Mutumin da ya dogara ga abin banza ya sha kunya da wuri, Allah ya yi masa jinƙai. Amma wanda abin ya yi ta yi masa kyau, tumakinsa suna ƙiba, mutane suna sa masa albarka, wa zai iya faɗa masa magana? Zai ce maka, duba gidana, duba naka. Kuma gaskiyarsa, nasa ya fi kyau, har ranar.

Dutsen nan Ubangiji ne, ba wani. Shi kaɗai ne ba ruwa ya yi shi ba, ruwa kuma ba ya kai gare shi. Ba zan ruɗe ku in ce hawansa da daɗi ba. Akwai tuba a hanyar, tana yanka ƙafa. Akwai barin abin da ka saba. In ka kai kuma, ba kai kaɗai za ka zauna ba. Za ka tarar da jama'arsa a cunkushe, da wanda kuka yi faɗa a kan iyakar gona, da wadda ta yi gulmarka, da tsohon da ke tsayawa gabanku kowane mako yana maimaita abin da kuka haddace. Na sani muna da wari. Na fi ku sani, ni nake zama a bakin ƙofa. Sau da yawa kuma za ka hau, hadarin ya watse, ka ga kamar ka yi asarar yini, maƙwabcinka da bai hau ba ya riga ka cika ciki. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba a taɓa kwaso gawa daga can ba.

Abin da ya fi nauyi a zuciyata kuwa igiyar ce. Makiyayin bai mutu ba. Waɗanda aka ba shi amana ne suka mutu, wadda ya fi ƙauna kuma ita ce ta fi nisa da ƙofa. Ba wanda yake shiga mafakar ƙarya shi kaɗai. Uba yana shiga da 'ya'yansa. Uwa tana shiga da na goye. Muna koya musu tun suna ƙanana inda za su gudu in tsoro ya zo, muna kafa musu turke da hannunmu, muna ƙulla su da ƙauna, ƙulli a kan ƙulli. Wani lokaci su ne suke fara jin ƙarar, su yi ta fizga, su ce Baba, wurin nan ba lafiya, mu kuwa mu daka musu tsawa mu ce su natsu. Na tsaya a bakin kaburbura da yawa, na ji iyaye suna cewa, ai don ina sonsa na yi. Ban taɓa ƙaryata ko ɗaya ba. Don suna sonsa suka yi, kuma ga shi a kwance.

Da na so in rufe da cewa duk wanda ya ji wannan zai tashi ya hau. Amma na daɗe ina wannan aiki, na san yadda ake yi. Za ku ce misalin ya yi kyau. Za ku tuna da wani wanda ya kamata ya ji shi. Sa'an nan kowa ya ce a ransa, wancan ƙullinsa ne ya yi tsauri, ni na san yadda zan yi da nawa. Ba ƙullin ba ne, ɗan'uwana. Wurin ne. Wannan ne yake sa ni baƙin ciki, har wani lokaci in rasa abin da zan faɗa wa Ubangiji a kanku, sai dai in ce ya yi jinƙai.

Duk da haka hanyar dutsen a buɗe take yau, ba a tambayar kowa me ya sa ya makara. In akwai mutum ɗaya a nan da ya ji, to, kada ya tsaya gyaran igiya. Ya kwance nasa tun yatsunsa suna iya kwancewa, ya kora su sama.

Za ku fita yanzu ku ɗaga kai, ku ga sama garau, ku ce ai da sauran lokaci. Kada ku dubi saman da ke kanku. Ruwan da zai cika rafinku ba a nan zai zuba ba. Mai yiwuwa ya riga ya zuba can inda ba ku gani, yana kan hanya.